Yadda na kai Wi-Fi ɗakin sama ban huda bango ba

Sharaɗi ɗaya mai gidan da nake haya ya kafa mini: kada in huda masa bango. Ga rauta, na'urar da ke watsa Wi-Fi, a falo, ƙasa, inda wayar intanet ta shigo, ɗakin da nake aiki kuma yana saman bene, can ƙurya. Tsakaninsu akwai dakin, wato rufin bene na kankare da rodi, ga bango biyu. A falo bidiyo ba ya ko tsayawa, a ɗakina kuwa hoto ɗaya sai na gaji da jira.

Sai na sayo rifita, 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket ta kama sigina ta sake watsa shi. Na kai ta ɗakina, na soka kusa da tebur. Nan take waya ta nuna sabis ya cika fal, har na fara murna. Ina shiga taron bidiyo, muryar abokin aikina ta ci gaba da tsinkewa kamar jiya.

Kwana biyu ina zagin na'urar kafin na gane laifina ne. Sandunan da waya ke nunawa labarin tsakaninta da rifita kawai suke bayarwa, ba ruwansu da abin da ke tsakanin rifita da rauta. Ni kuwa na ajiye ta inda sigina ya riga ya galabaita. Ragowar da ta tsinta ita take miƙo mini, sai dai da babbar murya.

Na sauke manhajar auna sigina, na riƙa yawo da waya a hannu ɗaki-ɗaki kamar mai neman allura. Ana awon ne da dBm, kuma lambar tana ƙasa da sifili: -50 lafiya lau ne, wajen -67 ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba gargada, -80 kuwa sai dai suna. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk raguwar 3 a wannan ma'auni, rabin ƙarfin ne ya tafi. A ɗakina na ga -79. A tsakiyar matakala, inda ake juyawa, na ga -61. Dalilin a fili yake da na ɗaga kai: wurin matakala ne kaɗai babu dakin, ta wannan kafar sigina ke hawa.

Can na mayar da rifitar. Na kuma ciro rauta daga bayan talabijin, inda na cusa ta don kada ta ɓata kwalliyar falo, na ɗora ta kan kanta kusa da ƙofar matakala. Eriyarta ɗaya na kwantar, domin eriya a tsaye gefe-gefe take watsawa, ba sama ba. Wannan gyaran da bai ci ko kwabo ba ya fi sayen na'urar amfani.

Duk da haka ban sami gudun falo ba, ba kuma zan samu ba. Rifita mai rediyo ɗaya da shi take saurare da shi take magana, a tasha guda, shi ya sa kusan rabin gudun ke zubewa a hanya. Cikin zangunan rediyo da Wi-Fi ke bi, na bar ta a kan 2.4 GHz saboda ya fi 5 GHz ratsa bango, ko da yake 5 ya fi sauri kuma ya fi ƙarancin cunkoso. A 2.4 tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Maƙwabta sun cika 6, na koma 11.

Na gwada wata dabarar ma. Ƙanena ya ara mini na'urori biyun nan masu tura intanet ta cikin wayar wutar lantarkin gida, ɗaya a soket ɗin falo, ɗaya a nawa. Dole a soka su a bango kai tsaye, ba a ekstanshan ba. A gidansa suna aiki ras. A nan kuwa sama da ƙasa ba layin wuta ɗaya suke ba, haɗin ya yi ta kamawa yana saki, na mayar masa da kayansa.

Da gidan ya fi haka girma, mesh zan saya, wato na'urori da ake rarrabawa a gida suna aiki tare kamar Wi-Fi ɗaya, irin mai zango uku, wanda ke ware zango ɗaya don na'urorin su yi magana a junansu. Shi ma dai sai an ajiye kowace inda take jin 'yar'uwarta sosai.

Matsalar da ta rage mini yanzu soket ɗin matakala ne. Shi ne mafi kusa da inda ake guga, kuma sau biyu taro na yankewa in fito in tarar matata ta zare rifita ta soka dutsen guga. Jiya na liƙe ta da salatef, na rubuta a jiki: "Don Allah a bar ta."