Daga Phoenix zuwa Quartzsite da gidan da ke tafiya

Mun bar Phoenix, babban birnin jihar Arizona a Amurka, da hantsi a tsakiyar Janairu, amma kafin mu hau babbar hanyar I-10 mu yi yamma sai da muka ratse tashar manyan motoci muka hau sikeli. Duk wanda ya mai da mota gidansa, irin motocin nan masu gado da kicin da banɗaki da Amurkawa ke kira RV, daga nan lissafinsa yake farawa. Tamu a kan ƙirar Ford E-450 aka gina ta. Iyakar nauyin da aka yarje mata fam 14,500 ne, kusan kilo 6,580, kuma ɗakin da aka ɗora mata ya cinye mafi yawansa tun kafin a sa ko cokali. Ruwa lita 150, kilo 150 ke nan. Fetur in an cika tanki wani 150 ɗin ne. Ga tukunyar gas, ga batura, ga mutum biyu da abincinsu da kayan gyara. Abin da ya rage wa kayan tunawa bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa masu wannan rayuwa ke da ƙa'idar akwati ɗaya: kowa ya zaɓi abin da zai shiga akwatin roba guda mai murfi, saura a raba wa 'ya'ya da jikoki. Hotuna a kwafe su zuwa kwamfuta a ajiye wuri biyu, a riƙe na takarda goma ko ashirin. Masu kama hayar ɗakin ajiya "kafin a ga yadda za ta kasance" sukan wayi gari bayan 'yan shekaru sun biya kuɗin da ya ninka darajar kayan, kuma ba su ko leƙa ba.

Tafiyar kimanin kilomita 200 ce a cikin hamada, sai duwatsu da dogayen ƙayoyin saguwaro masu hannuwa a sama. Mun wuce Tonopah kaɗan sai ƙarar gilashi ta fara tasowa daga baya. Kofin shayi ne na tangaran da aka manta a kabad ɗin sama, can bayan tayoyin baya. Wurin nan shi ne mafi muni a duk motar, domin abin da ya zarce gatarin baya lilo yake yi, ramin da direba bai ji ba a can tsalle ne. Mai fashewa wurinsa ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a naɗe cikin safa ko tawul, a cushe shi yadda ba zai motsa ba. Kabad ɗin sama na tufafi ne.

Abin da ake so ido ya riƙa gani kuma, ɗaure shi ake yi. Akwai wani danƙo mai kama da cingam da gidajen tarihi ke amfani da shi saboda girgizar ƙasa. A goge wurin da sifirit ya bushe, a mulmula danƙon kamar ƙwayar wake guda uku ko huɗu, a manna a gindin abin, a danna a ɗan murɗa. Yana riƙewa a kan shimfiɗaɗɗen wuri, amma ba ya ɗaukar nauyi a bango, yana laushi da zafi, kuma yakan bar tabon maiƙo a katakon da ba a shafe ba. Bangon motar kuwa falankin da bai fi milimita uku ba ne a kan soso, da wayoyin lantarki a bayansa, don haka doguwar ƙusa ɓarna ce. Hoton bango a cire masa gilashi a sa farar roba, a kama kusurwoyinsa huɗu, ba na sama kaɗai ba, in ba haka ba zai yi ta kaɗawa yana kankare bangon. Mannen rataye hoto mai suna Command ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 40 ba, Quartzsite kuwa da rani tana haura 45, balle cikin rufaffiyar mota.

Da la'asar muka shiga garin. Ƙidayar 2020 ta ba shi mutum 2,413, amma da hunturu hamadar da ke kewaye cika take da fararen motoci iya ganinka. Mun sauka a La Posa, kudu da gari a kan hanyar 95, filin gwamnatin tarayya da ake yankar izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu.

Zagaye ɗaya a sansanin ya isa ka ga abin da kowa ya dogara da shi. 'Yan Katolika suna maƙala lambar Waliyyi Kiristofa, wanda suke ɗauka majiɓincin matafiya, a jikin makarin rana. Masu asali daga Meziko suna da hoton Maryamar Guadalupe. Akwai shuɗin idon nan na Turkiyya na maganin kambun baka, akwai takalmin doki a saman ƙofa, akwai zoben raga mai gashin tsuntsu da asalinsa na ƙabilar Ojibwe ne. Wani da ya ja babur a bayan motarsa ya nuna mini 'yar ƙararrawa a ƙasan firam, ya ce ba ta aiki sai in kyauta aka ba ka. Wanda ya saba ganin laya da carbi a madubin gingimari ba zai yi mamaki ba, sunaye ne kawai suka canza. Ni addu'ar hawa abin hawa ta ishe ni, amma ban ga amfanin yi wa maƙwabci gardama a kan abin da mahaifiyarsa ta rataya masa ba. Abin da zan yi magana a kai shi ne inda aka rataye shi.

Jihohi da yawa, har da Arizona, suna da dokar hana abin da ke tare wa direba gani, kuma ɗan sanda na iya tsayar da kai saboda abin da ke lilo a madubi. Abin da aka manna a kan murfin jakar iska ta gefen fasinja, ranar hatsari harsashi ne. Ƙwallon ƙarau ko gilashi mai kumburi a gaban mota yana tattara hasken rana wuri ɗaya har ya ƙona kujera. Kyandir narkewa yake yi, hoto kuma ya koɗe cikin 'yan watanni.

Washegari muka je maƙabartar garin, inda wata 'yar dala ta duwatsu take da raƙumin ƙarfe a ƙoli. Kabarin Haji Ali ne, da sojoji suka karya sunansa zuwa Hi Jolly. Ya zo a 1856 tare da raƙuman da rundunar sojan Amurka ta shigo da su don gwaji a hamada, ya rasu a nan a 1902, aka gina masa dalar a 1935. Na yi masa addu'a. A gaban raƙumin nan dole ka tuna hadisin da aka ce wa mai tambaya ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali.

Daga nan kasuwar duwatsu, wadda ita ce ta yi wa garin suna a Janairu, kuma ita ce tarkon masu sikeli. Dutsen da ya cika tafin hannu biyu ya yi kilo biyu, kuma ba wanda ke tsayawa a ɗaya. Itacen da ya zama dutse ana sayar da shi a fili, wanda aka haƙo daga filayen mutane, amma ɗaukar ko ɓarɓashi daga gandun Petrified Forest laifi ne. Hukumar gandun tana da tarin wasiƙun waɗanda suka sata suka dawo da shi ta gidan waya, suna cewa tun da suka ɗauka ba su ga daidai ba. Gashin gaggafa ma haramun ne a riƙe ba da izini ba, ko a ƙasa ka tsince shi. Masu hankali sun koma tara abin da ba ya nauyi: taswirar jihohi 50 a jikin ƙofa da ake liƙa wa sitikar kowace jihar da aka kwana, da ɗan littafin da ake buga wa hatimi a kowane gandun ƙasa.

Daren hamada da sanyi yake, a nan kuma wata ɓarnar take. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana fitar da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi, don haka murhu ko hita marar bututun waje tana cika ɗaki da tururi. Tururin kuwa bangon waje yake bi, can cikin kabad inda aka ɓoye wasiƙu da bargon kaka. Wata dattijuwa a kusa da mu ta fito da nata ta shanya, baƙin tabo ya cinye gefe ɗaya. Maganin shi ne a ɗan buɗe tagar rufi ko ana sanyi, a bar tazarar yatsa biyu tsakanin kaya da bango, a sa 'yan ƙunshin gishirin tsotse danshi a cikin akwati, a riƙa gasa su a tanda da ƙaramar wuta in sun jiƙe. Ita dattijuwar da tokar gawar mijinta da aka ƙona take yawo, kamar yadda wasunsu ke yi, a akwatin katako mai murfi, an ɗaure shi da bel a ƙasan kujera tare da takardun shaida.

Ranar tashi muka nufi Kalifoniya. Da ƙetare kogin Kolorado akwai shingen jami'an gona a Blythe, suna tambayar 'ya'yan itace da shuke-shuke da itacen wuta. Dashen lemo ba ya wucewa, ko daga gidan da ka sayar ka ciro shi. Kafin mu kai can, tun a sansani, na cire jan ƙyallen da ke ɗaure a sitiyari. Da yawa suna da irinsa, har baƙo ya zaci laya ce. Ana ɗaura shi ne lokacin da aka ɗaga eriya ko aka buɗe rumfar gefe, kuma ba a kunna mota sai an zagaya an sauke eriyar, an naɗe rumfar, an ja matakala ciki, an kulle firji, an taɓa kowane kabad an ji ya ce ƙas.