Ƙyanƙyasar ƙwai a zafin Gadarif: daga ranar zubi zuwa rana ta 22

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon ƙyanƙyasa. Ga yadda zubin watan Afrilu ya kasance a Gadarif ta ƙasar Sudan: ƙwan kajin baladi, wato kajin gida, guda 48, a ƙaramin inji mai fanka, wanda a kasuwa ake kira faƙƙasa. Abin da za ku riƙe tun farko shi ne, injin nan ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. A ƙasar da ɗaki ke haura digiri 40 da azahar, zafi da bushewar iska ne ke kashe ƙwai, ba sanyi ba.

Kafin zubi. An ɗauko ƙwan daga kajin da ke da zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, kuma babu wanda ya wuce kwana bakwai da sakawa. A riƙa kwashe shi daga akurki sau biyu ko uku a rana, don wanda ya wuni cikin zafi ya riga ya fara rayuwa, sai ya mutu a wurin ajiya. A jera shi tsini ƙasa, kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gida. Kada a wanke shi. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuwa ɗauke shi yake yi. Mai kashi da yawa a jiki, da mai tsaga, da mai siffa karkatacciya, a kai su madafa.

An kunna injin babu ƙwai kwana ɗaya cur, aka ajiye ma'aunin zafi irin na asibiti daidai tsayin da ƙwan zai zauna. Allon injin yana nuna 37.5, ma'aunin ya nuna 38.1, sai aka rage. Kada ku tsallake wannan. Shi ma ma'aunin danshi ana gwada shi: a jiƙa gishiri kaɗan a murfin kwalba, a rufe su tare a leda su kwana. Idan lafiyarsa ƙalau, zai nuna kashi 75.

Rana ta 1 zuwa ta 7. Zafi 37.5, danshi kashi 50 zuwa 55. Mai juyawa da hannu ya yi wa kowane ƙwai alama da fensir gefe biyu, ya juya sau uku ko biyar a rana. Ana zaɓar adadin mara ne, wato wanda ba ya rabuwa biyu daidai, don kada ƙwan ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere, ɗan ya manne da fatar ciki. Daren rana ta 7 aka haska su da tocila a ɗaki mai duhu, ta faffaɗan kan. Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗigon baƙi a tsakiya yana ɗan motsi. Shida sun fito fayau, babu komai, zakara bai taka ba ke nan. Biyu suna da jan zobe kewaye da ciki, alamar ɗan ya fara sannan ya mutu. Duk takwas aka fitar, don baragurbi in ya fashe a inji sai ya ɓata na kusa da shi.

Rana ta 8 zuwa ta 17. Nan ne aikin yake. Daga wajen mako na biyu ɗan da ke ciki yana fitar da nasa zafin, ga kuma na gari. Rana ta 13 da misalin ƙarfe biyu, ma'auni ya kai 39.2 alhali wutar ɗumamawar a kashe take, fanka kaɗai ke juyawa. Abin da aka yi: aka sauke injin ƙasa a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, nesa da taga da rufin kwano, aka rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, aka riƙa ɗaga murfin kamar yatsa ɗaya daga azahar zuwa la'asar. Zafi kaɗan sama da ƙa'ida yana sa su fito da wuri, cibiya ba ta rufe ba. Idan kuwa ya haura 40 ya daɗe a can, mutuwa suke yi. Don haka in wuta ta ɗauke da rana, kada a lulluɓe injin da bargo. Bargo na daren hunturu ne. Abin da ake buƙata a wannan wata batir ne mai bolt 12 ko sola da zai riƙe fankar.

Batun danshi kuma, lambar allo ba ita ce alƙali ba, gurbin iskar da ke faffaɗan kan ƙwan ne. Ƙwai ya kamata ya rage kashi 12 zuwa 13 na nauyinsa kafin rana ta 18. An ware goma aka auna a sikeli ranar zubi, giram 400, ke nan ana sa ran su sauko wajen 350. A rana ta 10 sun riga sun kai 366, wato suna bushewa da gaggawa. Ƙara zurfin ruwa a tiren ruwan da ke cikin injin ba ya ƙara danshi, faɗin fuskar ruwan ne ke yi. Sai aka ƙara tire na biyu da soso mai tsabta a ciki. Ruwan ya zama mai ɗumi, kada a zuba na randa.

Haskawar rana ta 14 ta fitar da wasu biyu. Saura 38.

Rana ta 18 aka daina juyawa, aka kwantar da ƙwan a kan ƙyalle mai kaushi don kada ƙafafun 'yan tsakin su zame su buɗe, aka ɗaga danshi zuwa kashi 65 zuwa 70, aka buɗe ramukan iska. Daga nan sai a kama hannu. Rana ta 20 da yamma aka fara jin kukansu daga cikin ɓawo, sannan 'yar ɓula ta bayyana. Tsakanin ɓula da fitowa yakan kai awa 12 zuwa 24, ɗan tsakon yana hutawa, yana shanye sauran gwaiduwa da jinin jijiyoyi. Wanda ya ɓare masa a wannan lokaci jini zai zubar masa. Buɗe murfi ma illa ce babba a iskarmu: nan take fatar ciki ke bushewa ta ɗame shi, ya kasa juyawa. Waɗanda suka riga fitowa a bar su su bushe, gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su har kwana biyu ba ci ba sha.

Rana ta 22. Talatin da ɗaya sun fito. An fasa bakwai ɗin da suka rage, kuma muna roƙonku ku riƙa yin haka ko da ba daɗin gani. Huɗu sun cika halitta, fatar ciki ta bushe ta yi fari kamar takarda a kansu. Uku ƙanana ne, girmansu na wajen mako biyu, wanda ya yi daidai da zafin rana ta 13.

Yanzu 'yan tsakin suna kwali a kan ɓawon gyaɗa, ɗumi 32 zuwa 35 a makon farko, fitila da dare kawai. An sa tsakuwa a mazubin ruwansu don kada su faɗa. Rigakafin cutar kaji ta Newcastle yana tafe a ƙarshen makon farko, na cutar Gumboro wajen mako na biyu, bisa shawarar likitan dabbobi. Zubi na gaba zai faɗo cikin damina, saboda haka za a cire tire na biyu da soson, a sake auna ƙwai goma tun ranar farko.