Robar mariƙi ce abincina

Ina da shekara goma sha huɗu na fara ɗaukar jakar 'yan golf a filin Achimota da ke Accra, wanda aka kafa tun 1934. Da asuba nake hawa torotoro, motar haya, daga Nima, in yini ina bin Bature ko wani babban ma'aikaci rami goma sha takwas, sanduna goma sha huɗu a kafaɗata, domin doka ba ta yarda a wuce haka ba. Yau ina da ɗan shago da yara biyu. Muna gyaran sanda, muna sayar da ƙwallayen da aka tsinto a ciyawa da sandunan gwanjo da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Amma abin da ke ciyar da mu shi ne canjin robar mariƙi.

Zafin Accra da gumi suna cin roba. Kafin shekara ta zagayo ta yi sulɓi, tana ƙyalli kamar bakin tsohon turmi. Mai ita ba ya lura, hannunsa ne ke lura: sai ya ƙara damƙa don kada sanda ta suɓuce. Da ya damƙe, wuyan hannu ya sandare, fuskar sanda ta iso ƙwallo a buɗe, wato tana kallon dama, ƙwallo ta karkata dama ta faɗa cikin itatuwa. Daga nan sai ya zo wurina wai sandar ce ba ta da kyau.

Haka wani Alhaji ɗan kasuwar shanu ya shigo kwanaki, da kuɗinsa a hannu, sabuwar babbar sanda yake so, wato ta bugun nesa. Na karɓi tsohuwar na shafa mariƙin.

"Alhaji, riƙe min ita yadda ka saba."

Ya riƙe, jijiyoyin hannunsa suka fito raɗa-raɗa, kamar zai kayar da bijimi.

"Baba, wannan ai shaƙewa ce. Ka taɓa ganin mai lugude ta shaƙe taɓarya? Har sakinta take yi ta tafa, nauyin taɓaryar ne ke daka."

Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ciniki kake kora."

Gaskiyarsa, na kori cinikin dubban sidi na ɗauki na canjin roba. Na ɗaure sandar a matsi, na tsaga tsohuwar robar da wuƙa mai ƙugiya, na kankare tsohon tef, na naɗa sabo mai manne ciki da waje. Alhaji tafinsa faɗi gare shi, don haka na ƙara ninki biyu mariƙin ya yi kauri. Sai a jiƙa tef da ɗan fetur, a zura roba da sauri kafin ya sha iska, a daidaita alamarta da fuskar sanda. A nan ido ke aiki. In ta karkace ko kaɗan, mai sanda zai riƙa gyara hannunsa yana bin karkatar bai sani ba. Sau ɗaya na taɓa ganganci, fetur ya ƙare na zuba kananzir. Bai bushe ba, washegari robar ta murɗe a hannun mutumin tsakiyar wasa. Har yau in mun haɗu kunya nake ji.

Da roba ta kama, muka koma bayan shago inda na kafa raga. Na sa masa sandar a gindin yatsun hagu maimakon tsakiyar tafi, yadda in ya duba ƙasa zai ga gaɓoɓi biyu na bayan hannunsa, tsagar babban yatsa da manuni kuma tana kallon kafaɗar dama. Ƙaramin yatsan dama na ɗora shi a kan yatsun hagu, riƙon da ake kira da sunan Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6. Tiger Woods sarƙe yatsun yake yi, wasu kuma goman duka suke sawa. Ni ba na faɗa a kan wannan, kowa da hannunsa, in dai riƙon yau shi ne na gobe.

Tsayuwa ba ta ɗauke mu lokaci ba. Sanda ɗaya na shimfiɗa a ƙasa ta nuna inda ake nufi, ƙafafu da kafaɗu su bi ta. Babbar sanda, ƙwallo daidai diddigen hagu. Sanda mai kan ƙarfe, mai lamba 7, ƙwallo kusan tsakiyar ƙafafu.

Sakin hannu kuwa, wato barin hannu ya juya da kansa lokacin bugu, ban koya masa ba, don a ganina ba a koyar da shi da baki. Wanda aka ce wa "juya hannu" zai juya da wuri, ƙwallo ta tsere hagu. Na sa shi bugun rabi-rabi, ƙafafu a haɗe, har ya ji kan sandar na wuce hannunsa da kansa. Wajen bugu na ashirin aka ji wannan ƙarar, ƙwas, mai tsabta. Ya tsaya yana kallon tafinsa.

Ranar Asabar direbansa ya kawo sauran sanduna goma sha uku, da cinyar bijimi a leda.