Wutar tana cikin tafkin da ke bayan bango

Duk sanda aka nuna hoton madatsar ruwa mai samar da lantarki, abin da ke cika wa mutane ido shi ne ƙaton bangon siminti. Ni kuwa tafkin da ke kwance a bayansa ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan ƙarfin yake. Aikin bangon shi ne ya tare kogi har ruwa ya taru ya yi tudu. Idan aka buɗe ƙofofi, ruwan zai kwarara ta cikin manyan bututu, ya bugi fukafukan injin da ke can ƙasa, injin ya juya wata ƙatuwar sandar ƙarfe, ita kuma ta juya janareta. Daga nan ruwan ya fice ya ci gaba da tafiyarsa, ba a ƙona komai ba.

Lissafin ba shi da wuya. Lita 1,000 na ruwa da ke faɗowa daga tsayin mita 100 a kowace daƙiƙa na ba da wutar lantarki kusan megawat ɗaya, wato wat miliyan ɗaya. Saboda haka idan tafki ya ja baya, asarar biyu ce, ruwan ya ragu, tsayin da yake faɗowa daga gare shi ma ya ragu. Abin da ya faru ke nan a madatsar Kariba da ke kan kogin Zambezi, a iyakar Zambiya da Zimbabuwe, wadda aka kammala a 1959. Lokacin da fari ya tsananta a 2024, injunan suna nan lafiya ƙalau, amma gidaje da yawa a Zambiya suka riƙa wuni babu wuta, saboda ruwan saman da ake jira bai sauka ba a can nesa inda kogin yake tasowa.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne laka. Kogi ba ya tafiya hannu rabbana, yana ɗauke da yashi da ƙasar da ya kwaso daga gonaki da tsaunuka, kuma da zarar ya shiga tafki gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayansa a gindi. Shekara da shekaru wannan laka tana cinye wurin da aka tanadar wa ruwa, alhali wanda ya tsaya a bakin tafki ba zai ga alamar komai ba. A Masar, tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, lakar da kogin Nilu ya saba shimfiɗa wa manoma a gonakinsu kowace shekara ta koma zama a Tafkin Nasser da ke bayan madatsar, su kuma suka dogara ga takin zamani.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a ware kuɗin gyaran injuna a manta da dazuzzukan da ke saman kogi. Duk inda aka sare itatuwa a gangare, ruwan sama na farko zai wanke ƙasar wurin, kuma ƙarshenta a gindin tafkin za ta kwanta.