Giloy da hantata: abin da ban faɗa wa likita ba a Indiya

Abokin zamana ne ya fara gani. Muna cin abincin dare a ɗakinmu da ke Greater Noida, wajen birnin Delhi, sai ya ajiye cokali ya ce, "Malam, zo bakin fitila in ga idonka." Na je. Ya ja fatar idona ƙasa da yatsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wannan ai shawara ce." Farin idona ya koma ruwan ɗorawa. A lokacin na kusa mako biyu fitsarina kamar ruwan shayi, jikina na ƙaiƙayi, abinci ba ya shiga, amma duk na ɗora wa zafin watan Yuni da gajiyar karatu.

Shekarar 2021 ke nan. Wanda ya zauna a Indiya a watannin Afrilu da Mayu na shekarar ba sai an tuna masa ba. Korona ta dawo da ƙarfinta, an rufe Delhi, jiniyar motar asibiti ba ta yankewa dare da rana, mutane na neman tulun iskar numfashi ido rufe. Azumi kuma ya kama a tsakiyar Afrilu. Mu baƙi ne, danginmu na can gida, kullum Umma sai ta kira tana cewa, "Ka dai kula da kanka, ka ji?" Tsoro ya shige ni sosai, kuma tsoron ne ya kai ni ga abin da zan ba da labari.

Tun hunturun farko da na yi a can na san kadha. Matar mai gidan da muke haya, wadda kowa ke kira Anti, ita ta fara haɗa min lokacin da hazon Delhi na watan Disamba ya sa ni tari mai kama ƙirji. Ganyen tulsi, ɗan uwan ɗaɗɗoyarmu, da busasshiyar citta, da kirfa, da masoro, a tafasa har ruwan ya ragu zuwa rabi, a jefa ɗan gur, wato mazarƙwailarsu. Kofi ɗaya mai zafi, sai ka ji maƙogwaro ya buɗe, gumi ya keto. Ba ni da abin da zan ce kan wannan sai alheri, har gobe ina sha. Ma'aikatar AYUSH, wadda gwamnatin Indiya ta kafa a 2014 don kula da magungunan gargajiya irin su Ayurbeda da Unani, ita kanta ta ba da shawarar shan irin wannan haɗin a 2020, sau ɗaya ko sau biyu a rana, tare da madara mai ɗumi da aka kaɗa rabin ƙaramin cokali na kurkum a ciki. Sau ɗaya ko sau biyu. Ni kuwa da tsoro ya kama ni na mayar da shi sau huɗu tsakanin buɗa-baki da sahur.

Amma ba kadha ce ta kwantar da ni ba. Giloy ne.

Wata 'yar kurangar itaciya ce mai yaɗo, ganyenta kamar zanen zuciya, tana hawa bishiya ta nannaɗe ta. Mutanen can sun fi girmama wadda ta hau darbejiya, suna cewa ta kwashi ɗacinta da amfaninta. A littattafan Ayurbeda guduchi ake kiranta, wani sunanta kuma amrita, ma'ana abin shan da ke hana mutuwa. A lokacin annobar babu inda ba ka jin sunanta: a talabijin, a WhatsApp, a bakin mai shagon kusurwa. Kowa na cewa tana ƙara garkuwar jiki. Anti tana da ita a bayan gida, ta yanko min sanduna kamar tsawon yatsa, ta ce in daddaka guda ɗaya in tafasa. Na yi hakan. Sai na ga a kanti ana sayar da ruwanta a kwalba, na saya. Sai na ga ƙwayoyinta, na ƙara. Iri uku nake haɗawa a rana ɗaya, danye da na kwalba da ƙwaya, kusan wata uku ban tsallake rana ba, a cikin azumi mafi yawa da sahur, cikina babu komai. Ban taɓa tambayar kowa adadin da ya kamata ba. Ita kanta Anti ba ta san na ƙara sauran biyun a kan nata ba.

Da muka je asibiti, likitan ya tambaye ni, "Kana shan wani magani?" Na ce a'a.

Wannan a'ar ita ce har yau take ci min rai. Ba ƙarya na yi niyyar yi ba. A kaina magani shi ne abin da likita ya rubuta, ko abin da aka saya a kyamis. Giloy kuwa ganye ne, kamar yadda a gida ba wanda zai sha jiƙon sabara ko zogale ya ce ya sha magani. To saboda wannan amsa sai aka bi wata hanya daban. Aka ɗebi jini aka nemi ƙwayoyin cutar hanta iri-iri, A da B da C da E, babu ko ɗaya. Ganin daga Najeriya nake, aka duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka ɗauki hoton ciki ko akwai tsakuwa a matsarmama, babu. Kwana tara ana wannan zirga-zirga, kuɗin da Baba ya turo na zangon karatu yana zurarewa a ɗakin gwaji. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk kwanakin nan ban daina shan giloy ba. Har ƙarawa na yi, domin a tunanina jikina ya yi rauni, yana bukatar garkuwa. Da hannuna nake ƙara wa hantata nauyi, ina ganin taimakonta nake yi.

Sai da aka tura ni wajen likitar hanta. Ita ba ta ce "magani" ba. Ta jera min su ɗaya bayan ɗaya: kadha? Saiwar ashwagandha? Giloy? Da na ce e, kuma iri uku, wata uku, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ba ni ne na farko da ta gani a wannan shekarar ba. Ta yi min bayanin da na gane: abin da ake yabon giloy a kansa, wato zaburar da garkuwar jiki, a jikin wasu mutane shi ne yake sa garkuwar ta juya ta far wa hanta. Ba kowa yake samu ba. Dubban mutane sun sha lafiya lau. Amma babu wata alama da za ta nuna maka tun farko ko kana cikin waɗanda zai taɓa, kuma masu ciwon suga ko matsalar maƙoƙo ko wata cutar garkuwa da ke kwance a jiki su ya fi kamata su yi hattara.

A shekarar ne wasu likitoci a Mumbai suka wallafa rahoton mutum shida da hantarsu ta taɓu bayan shan giloy. Ma'aikatar AYUSH ta ƙi amincewa, ta ce mai yiwuwa wata shuka mai kama da ita aka sha, wadda masana ke kira Tinospora crispa, alhali giloy na ainihi Tinospora cordifolia ce. Na karanta ɓangarorin biyu ina kwance. Ko wanne ne gaskiya a kaina, bai sauya komai ba: ni ba zan iya bambance shukokin biyu ba, kuma ban san abin da aka zuba a kwalbar da na saya ba.

An kwantar da ni kwana biyar, aka sa ni kan ƙwayoyin da ke kwantar da garkuwar jiki, ana rage su kaɗan-kaɗan tsawon watanni. Fuskata ta kumbura, barci ya ƙi. Jarrabawar zangon ta wuce ni. Sai wajen watan Oktoba gwajin jinina ya koma daidai, ranar na yi sujada a ƙasan ɗakina na daɗe ban ɗago ba.

Anti ta hawo sama da kwanon khichdi, shinkafa da wake mai laushi da suke ba marar lafiya, tana hawaye tana cewa, "Beta (wato ɗana), sanda ɗaya na ce maka." Gaskiyarta. Ita tana sha ne kwana kaɗan idan zazzaɓi ya kama ta, sai ta bari. Haka ta gada daga uwarta. Masu abin sun san yana da lokaci, yana da ƙima. Ni na ɗauki sunan na bar ƙa'idar.

Saboda haka ɗalibanmu da ke zuwa, da masu rako marasa lafiya asibitocin Delhi ko Chennai, ga abin da nake faɗa musu duk sanda muka haɗu. Idan mura ta kama ka, sha kadha, kofi ɗaya da safe ɗaya da dare, ka yi sirace, ka kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi. Kada ka cika masoro, yana ƙona ciki. Idan aka sa maka mulethi a ciki, wata saiwa ce mai zaƙi da ke laushin tari, to mai hawan jini ya nisance ta, domin tana ɗaga jini idan aka daɗe ana sha. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Tarin da ya wuce mako biyu, a Indiya ko a gida, a je a gwada tarin fuka, kada a tsaya kan tafashe-tafashe. Sannan idan likita ya tambaye ka abin da kake sha, ka lissafa masa komai, har ganyen da maƙwabciya ta yanko maka, har garin da ka zo da shi daga gida a leda. Da na faɗi kalma ɗaya a ranar farko, da kwana taran nan ba su tafi a banza ba.

Da zan dawo hutu, wani kawuna ya kira ya ce ya ji labarin wani maganin Indiya mai ƙara garkuwa, in taho masa da kwalba uku. Mutum ne mai ciwon suga, shekarunsa sun haura sittin. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan kawo ba." Ya ji haushi, ya ce don na warke ne nake masa rowa. Na shiga Khari Baoli, kasuwar kayan yaji ta tsohon birnin Delhi, na auno masa busasshiyar citta da kirfa da kanumfari da busasshen ganyen tulsi, na rubuta masa a takarda yadda zai tafasa, kofi ɗaya a rana, babu mazarƙwaila, kuma ya fara nuna wa likitansa takardar.