Kafin ku kwashi iyali zuwa fatsa a Dadin Kowa da bazara

Ƙannena, babban kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne fita da hantsi. A jira abinci, a jira yara su shirya, kafin a isa bakin kogin Gongola rana ta take. Tsakanin Maris da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma idan ruwa ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, sai kifi ya gangara zurfi ya daina cin komai. Ku bar Gombe da an idar da Asuba, ku naɗe kaya ƙarfe goma. In ba haka ba, sai bayan La'asar.

Fatsar da muke yi ita ce ta ƙwaron gashi, ba irin ta tana ba ce. Babu dalma, babu abin ci a ƙugiya. Gashin zabo ko na zakara ake ɗaurawa da zare ya yi kama da fara ko shinge, nauyin igiyar kanta ne ke kai shi. A ƙarshen igiyar ku ƙulla siririn zaren lilo kamar mita biyu da rabi. Kawara da karfasa bakinsu ƙarami ne, ƙugiya lamba 10 ko 12 ta ishe su. Mun sha sa babba, kifi ya yi ta tsakura bai kamu ba. Tsage kuwa haƙoransa yanke lilo suke yi nan take, sai da guntuwar waya mai tsawon taƙi ɗaya a gaban ƙugiyar. Wajen jifa, idan kun kai sanda baya ku ɗan dakata igiya ta miƙe tukuna. Gaggawa ce ke sa ta yi ƙara kamar bulala, ƙwaron ya tsinke. Ku nufi inuwar bishiya da inda ruwa ke gudu a gefen duwatsu.

Wannan jifan ne abin tsoro idan da yara, domin ƙugiyar tana yawo ta bayanku nisan da take zuwa gaba. Ku shimfiɗa tabarmar iyali aƙalla taku ashirin daga mai jifa, ku matse ƙayar ƙugiya da filaya, mai jifa ya sa tabarau. A ware babba guda wanda ba shi da aiki sai kallon yara. Kada a ce "kowa na gani", a nan ake rasa yaro.

Zafi zai sa su roƙi wanka, ku hana. Ruwan da ya kwanta cikin ciyayi shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Akwai dorina a yankin, kuma a ƙasan dam ruwa yakan ƙaru idan an sake shi. Ku gai da masuntan wurin, ku tambaye su inda ba a tsayawa.

Ruwan sha, ku lissafa lita uku ga kowane babba, ku ƙara a kai. Yaron da ya yi laushi ko ya kama ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Idan ya fara sambatu ko ya kasa sha, asibiti kai tsaye.

Kifin da za a tafi da shi, a farke cikinsa a cire hanji nan take, a sa a kula da ƙanƙara. Leda a cikin but ɗin mota dafa shi take yi kafin a kai gida. Ƙananan kuma ku jiƙa hannu kafin ku taɓa su, ku mayar da su ruwa da sauri, domin a wannan zafin ba sa jure waje.