Godiya bayan tafiyar Landan zuwa Brighton da motar tururi

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, motar ta isa bakin teku a Brighton da ƙafarta, ba a ja ta da igiya ba, ba a ɗora ta a bayan wata ba. A madadin duk waɗanda suka yi hidimarta muke miƙa wannan godiya.

Ga wanda bai san taron ba, a ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake yin sa a Ingila. Motocin da aka ƙera kafin 1905 suna tashi daga filin shaƙatawa na Hyde Park a Landan da hudowar rana, su yi tafiyar mil kusan 60, domin tunawa da dokar 1896 da ta ɗaga iyakar gudun mota daga mil 4 zuwa mil 14 a awa. Wadda muka raka Stanley ce ƙirar 1904, aikin tagwayen nan Francis da Freelan Stanley, masu kamfani a jihar Massachusetts ta Amurka.

Godiya ta farko ga dattijon da ya hura mata wuta tun da sauran duhu, Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan mota ba ta san makulli ba. Ana fara duba ruwan tukunyar tururi, wadda ke ƙarƙashin kujerar direba, sannan a buga iska da famfon hannu domin mai ya samu ƙarfin tafiya murhu. Sai a gasa bututun mai da wutar hannu har ya yi zafi sosai, saboda murhun ba ɗanyen fetur yake ci ba, sai wanda zafi ya mayar hayaƙi. Daga nan a kunna ƙaramar wutar da ke ci kullum, a jira, kana a buɗe babbar a hankali. Mai gaggawa a nan shi ke ganin abin da ba ya so: fetur ya kwarara cikin murhu yana ruwa, wuta ta tashi ja da baƙin hayaƙi ta ƙarƙashin mota. Minti 20 zuwa 30 ake ɗauka daga sanyi, kuma dattijon bai yarda an rage ko ɗaya ba. Shi ne kuma ya hana a motsa kafin a buɗe bawul ɗin tsiyaya. Tururin farko in ya tarar da silinda da sanyi komawa yake ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, yana iya fasa kan silinda.

Amma waɗanda suka fi kowa cin wuya su ne masu ruwa, kuma su aka fi mantawa a wajen hoto. Irin wannan Stanley ba ta mayar da tururinta ruwa, sai a 1915 kamfanin ya fara sa abin da ke yin haka. Duk abin da injin ya sha, iska yake bi. Manyan ƙirarsu kan sha kusan galan ɗaya a kowane mil. Tamu ƙarama ce, ba ta kai haka ba, duk da haka ba mu yarda tankin ya yi ƙasa ba. 'Yan'uwanmu huɗu suka riƙa shan gabanmu da jarkoki da mazurari da ƙyallen tata, suna jira a cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Tatar ba ƙa'ida ce kawai ba. Ɗan tsakuwa guda in ya maƙale a bawul ɗin famfo, famfon zai yi ta motsi ba tare da tura ruwa ba, direba yana zaton lafiya lau.

Dalilin tsoron ke nan. Cikin tukunyar akwai siraran bututun jan ƙarfe masu ɗimbin yawa da wuta ke bi ta cikinsu, ruwa yana kewaye da su. Ruwa ya yi ƙasa, bututun su ƙone, bakinsu ya saki, su fara yoyo a kan murhu, tafiya ta ƙare. Fashewa ba ita ce abin fargaba ba, domin an naɗe jikin tukunyar da waya mai ƙarfi irin ta fiyano. Ƙonewar ce ke cin kuɗi. Sannan famfon ruwan da injin yake tafiya, in mota na tsaye ba ya aiki, shi ya sa cunkoson kudancin Landan ya fi tudu wahala: wuta na ci, ruwa ba ya shiga sai da famfon hannu. Wanda ya zauna gefen direba yana wannan bugu, Allah ya saka masa da alheri.

Muna godiya ga bakaniken wata tawaga da ba mu ma tambayi sunansa ba. Kusa da garin Crawley wuta ta raunana, allurar agogon tururi ta riƙa sauka. Ya saurari kukan murhun kawai ya ce ƙofar mai ce ta toshe da gawayi. Ya ba mu siririyar wayar tsokaci, aka rufe mai, aka tsokace, wuta ta dawo shuɗiya.

Tuƙin kansa ba ya da wuyar da ake zato. Babu giya, babu kuloci. Injin mai silinda biyu a haɗe yake kai tsaye da aksul ɗin baya. Totur ɗan hannu ne, ka tura shi mota ta zame ba ƙara, sai huci. Maimakon sitiyari sanda ce ake karkatawa. Gwanintar tana wajen tudu: tun daga nesa ake cika tukunya a tara tururi, domin in ka tura ruwan sanyi a tsakiyar hawa ƙarfin tururin faɗuwa yake. A hawan tudun Clayton haka aka yi, ta haye ba tare da kowa ya sauka turi ba. Kada a raina ƙarfin tururi, wata Stanley ta tsere ta yi gudun mil 127 a awa a Florida tun 1906. Birki ne dai abin tausayi, tayoyin baya kawai yake kamawa. Don haka muna gode wa direbobin motocin zamani da suka bar mana tazara a gangara, ba su yanko gabanmu sun taka birki ba.

Iyayenmu mata da suka aiko da shayi da abinci mai zafi har Brighton, mun gode, Allah ya bar zumunci. Haka matasan da suka tsaya bayan kowa ya watse, aka buɗe bawul ɗin ƙasa tukunya na da sauran zafi domin laka ta fita, aka zubar da ruwan tanki da na famfo kada ya daskare ya fasa bututu, aka cika tankin man silinda. Akwai jarka biyu da sifana ɗaya da suka rage a wurinmu, mai su ya yi magana a kai masa.